Ruwan Indararo da Keken Seidu

Jiya da la'asar na gan ku a bakin shagon aski kuna juya karta, ɗayanku yana kallon waya yana kwaikwayo, har na ji ya ce abin bai wuce aikin sati guda ba. Na wuce abina. Amma tun daga tsallaken titi na hango katin da ya ɓoye a tafin hannunsa, domin babban yatsansa ya miƙe tsaye kamar mai tsayar da torotoro, motar hayarmu. Tunda yau kun biyo ni kuna tambaya, to ku zauna. Sunana Awudu, amma a Nima ta da, unguwarmu ta nan Accra, Awudu Mai Karta aka sani. Na ci abinci da wannan sana'a tun ina saurayi har furfura ta fito mini. Abin da zan fara gaya muku shi ne, duk wanda ya iya ɓoye kati a hannu, mutane ba sa ƙara yarda da hannunsa, ko da buta ya miƙa musu.

Aikina na farko a wurin maigidana guga ne. Mahaifina falken goro ne, asalin Sakkwato, a wurinsa karta da caca uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ya kai ni Maamobi wurin wani tela ɗan ƙabilar Kotokoli mai suna Baba Tahiru don in koyi ɗinki, bai san cewa tsohon ya taɓa yawo da 'yan wasan kwaikwayon da ake kira konsat gari-gari yana dabon karta kafin a buɗe labule ba. Ni ma ban sani ba sai ranar da na gan shi a wani suna ya zaro kati daga hular liman. Da na roƙe shi ya koya mini, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya turo ka?" Na ce babu kowa. Ya ce, "Haka kowa ke cewa." Daga nan sai na riƙa tsintar abubuwa a aljihun rigunan da zan goge: yau zobe, gobe agogo marar igiya, jibi carbi mai tsada. Duk wanda na tsinta sai in kai masa, ya karɓa ba godiya. Damina ta zo ta wuce muna haka kafin ya miƙo mini kati ɗaya tak, shi ma ba na gaske ba, kwalin sukari ne ya yanke da almakashi.

Wannan kwali shi ne makarantata. Ya nuna mini yadda ake manna shi a tafin hannu, tsakanin gindin babban yatsa da ƙarshen ƙaramin yatsa, hannu kuma ya saki jiki kamar babu komai a ciki. Da shi nake shara, da shi nake ɗaukar dutsen guga, da shi nake zuwa kasuwar Nima sayen zare da maɓalli. Idan na dawo sai ya bi bayana wurin mai zaren ya tambaye ta ko ta ga wani abu a hannun yaronsa. Ranar da ta ce, "Ya riƙe hannu kamar mai ciwon yatsa," sai da na koma guga na tsawon lokaci. Ku da kuke koyo a gaban waya, wayar ido ɗaya gare ta, kuma tana tsaye wuri guda. Taron kasuwa yana da ido ta gaba, ta gefe, ta baya, ga yara daga ƙasa suna leƙen ƙarƙashin hannunka, ga wani a kan lodin mota yana kallonka daga sama.

Ba ni kaɗai ba ne a wurin Baba Tahiru. Na tarar da Issaka, ɗan wajen Bawku, wanda ya riga ni zuwa kuma ya fi ni laushin hannu. Baba bai taɓa koya mana tare ba. Idan zai nuna mini abu sai ya aiki Issaka, idan zai nuna wa Issaka sai ya aike ni. Kuma kowa ya keɓe da shi sai ya tambaye shi ɗan'uwansa: da wa yake zama, ina yake zuwa bayan azahar, ya taɓa tsayawa wurin 'yan cacar kati uku? Muna cin tuwo kwano ɗaya ni da Issaka, amma kowa ya san ana tambayar ɗayan a kansa. Kafin ya ba mu kartar gaske sai da ya sa muka yi alkawari: ba za mu bari a ajiye komai a kan kati da sunan caca ba, hannunmu ba zai shiga aljihun kowa ba ko da wasa, kuma ba za mu ce muna da aljanu ba.

Gyaran karta aiki ne mai zaman kansa, ku kuma kun raina shi saboda yanzu ana sayar da ita a kowane shago. A zamanin kalabule, lokacin da 'yan kasuwa ke ɓoye kaya sai farashi ya hau, ko sabulu sai da sanayya, balle karta mai santsi. Tamu daga hannun ma'aikatan jirgin ruwa muke samunta, tsohuwa, wani lokaci da rami a gefe. Iskar Accra kuma mai laima ce, kati yana shan ta ya kumbura ya manne da ɗan'uwansa. Sai mu shafa wa kowane kati hodar jarirai da auduga, gaba da baya, mu goge da ƙyalle, mu matse su tsakanin katako biyu a ƙarƙashin ƙafar keken ɗinki, sannan mu ajiye a gwangwanin madara tare da ɗan busasshen garin rogo don ya tsotse laima. Hannu ma kayan aiki ne. Man kaɗanya sai bayan an tashi daga aiki, ba kafin ba. Farce a yanke shi daidai. Ba a cin kifi soyayye a ranar wasa.

Ado daban, dabo daban. Ado shi ne abin da kake so a gani: mafici, inda karta ke buɗewa a hannu ɗaya, macijiya, inda kake shimfiɗa ta a dantse ka kifar da ita baki ɗaya, da kuma ruwan indararo, inda take zubowa daga hannun sama zuwa na ƙasa ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Dabo shi ne abin da ba ka so a gani, kuma ado ne ke rufa masa asiri, domin ido yana bin babban motsi ya bar ƙarami. Ruwan indararo shi ne tambarin gidanmu. Sauran 'yan dabo da babban yatsa suke sakin kati, shi ya sa nasu ke fita da ƙara kamar ana yaga takarda. Baba Tahiru ta wajen ƙaramin yatsa yake saki, sai ta zubo shiru, a hankali, har ka iya ganin fuskar kowane kati. Na kwashe karta daga ƙasa har gwiwata ta yi kanta kafin in iya shi. Mu uku ne muka iya shi haka a duk inda na sani: Baba, Issaka, da ni.

Wasa na farko da na yi ni kaɗai a tashar mota ne, na wani mai tallar maganin basir. Aikina in tara masa jama'a, idan sun taru in ja baya shi ya buɗe jakarsa. A nan na fara sanin masu kallo. Yara su ne mafi haɗari, domin ba sa kallon inda ka nuna musu. Matan kasuwa suna dariya, amma da hannu ɗaya a kan ƙullin zaninsu, kuma idan na wuce sai in ga suna duba kayansu. Akwai malamin da ke tsayawa nesa yana tofa addu'a don ya ga ko katin zai ƙi ɓacewa. Idan ya ɓace sai ya ce aljanina kafiri ne, idan na gaya masa aikin yatsa ne sai ya ce ƙarya nake. Wanda ya fi kowa sa ni tattara kayana shi ne mutumin da ba ya dariya, ba ya kallon fuskata, hannuna kawai yake kallo, sannan bayan an watse ya biyo ni ya ce yana da wata 'yar magana. Irinsu 'yan kati uku ne, masu neman hannu. Na sha korar su. Da suna ya bazu sai aka riƙa kirana suna da biki, daga Nima har Alajo da Madina. Issaka kuwa ya bar sana'ar, ya zama yaron mota, daga baya direban torotoro a layin Madina.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonaki, ga kuma mutanenmu da aka koro daga Legas sun cika ɗakunan Nima har ana kwana a baranda. Mutane suna layi tun dokunu, tuwon masararmu, yana kan wuta, wani ma ɗanyen ƙullun yake saya ya tafi da shi. Wa zai kira mai karta suna, alhali ragon ma da ƙyar? Mai maganin basir ya koma garinsu. Baba Tahiru ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya sayar da kekensa ya ci. Ni kuwa na koma yin wasa a kan kwanon tuwo.

Cikin waɗanda aka koro akwai wani tela mai suna Seidu. Duk abin da ya tara a Legas ya bari, sai kan keken ɗinki da ya naɗe a tabarma ya ɗauko a ka har Accra. Wata safiya ya ɗauke shi zuwa kasuwar Agbogbloshie neman wanda zai haɗa masa ƙafa da teburi. A bayan motocin albasa ya tarar da 'yan kati uku, ya ga wani yana ta ci, bai san nasu ba ne. Ya tsaya kallo, aka ja shi da magana, aka ce ai ya ga jan katin da ake nema da idonsa, ya ajiye keken a kan katin na ɗan lokaci kawai. Kafin ya farga, babu teburin kartar, babu mutane, babu keke. Da ya dawo Nima yana ba da labari sai ya ce bai riƙe fuskar mai rabon ba, hula da baƙin tabarau ya sa, amma ya ga yadda karta ke zubowa daga hannunsa shiru kamar ruwa. Duk wanda ya ji sai ya ce, "Ai Awudu ne."

An kira ni zauren sarkin unguwarmu da hantsi. Dattawa suna zaune, Seidu yana gefe, ƙofa cike da 'yan kallo. Sarki ya ce, "Awudu, ina kake ranar da abin ya faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Alajo nake, gidan suna."

Aka aika aka kira Hajiyar da ta gayyace ni, mai koko da ƙosai ce, ta zo ta ce da irin Hausarmu ta zango, "Gaskiya ya zo, 'yata ne ya haihu. Amma bayan azahar na gan shi. Da safe ban san inda yake ba."

Sarki ya juya ga Seidu ya ce, "Malam Seidu, shi ne?"

Seidu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tsayin wancan kamar ya fi nasa. Amma a sa shi ya zuba kartar in gani."

Na zuba. Ya ce, "Haka ne. Haka aka yi mini."

Sai na nemi izini in nuna wa dattawa yadda ake kati uku, don su gane cewa sana'a ce daban da tawa, ta gungu ce, mai rabo da mai cin ƙarya da masu gadi. Na ɗauki kati biyu a hannu ɗaya, na nuna musu a hankali yadda ake nuna na ƙasa a jefa na sama. Na maimaita da sauri, ba wanda ya gane jan. Na ce, "Kun gani, ba a cin wannan wasa, ko ni aka yi wa." Sai wani dattijo daga kusurwa ya ce, "Ashe dai ka iya." Aka sallame ni don babu shaida, amma daga ranar ko gaisuwa aka miƙo mini hannu, a gajarce ake janye shi.

Neman teburin nan ya ci mini kwanaki, domin ba sa zama wuri ɗaya. Na riƙa zuwa Agbogbloshie da tsohuwar riga da gammo kamar ɗan dako, ina bin bayan motocin doya da na albasa. Wata rana na same su, kwali ne kawai aka kifa. Mai rabon dogo ne, yaren Ga na mutanen Accra yake yi, ban taɓa ganinsa ba. Kafin ya fara sai ya zuba karta don ya tara mutane, kuma ta wajen ƙaramin yatsa ya sake ta. Ba a koyon wannan da kallo. Sai wani ya kama yatsunka ya jera maka su. Ina tsaye sai ɗaya daga cikin masu gadinsu ya ƙura mini ido ya yi tari, nan take aka naɗe kwali kowa ya kama gabansa.

Daga can Maamobi na nufa. Tun daga bakin ƙofar Baba Tahiru na ji ƙanshin shinkafa, a shekarar da mai albashi ma bai ganinta. Na gaishe shi, na zauna, sai na hango abu a ƙarƙashin gado cikin buhun albasa, ƙarfen juyawa irin na keken ɗinki ya leƙo.

Na ce, "Baba, ka sayi keke ne?"

Ya ce, "Issaka ya kawo gyara."

"Na wa ne?"

"Ka tambaye shi. Kai wa ya turo ka?"

Na hau mota zuwa Madina, na sami Issaka a tasha yana jiran layi ya zo kansa. Na ja shi gefe na tambaye shi. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Tsohon ne ya ce in karɓo masa kaya a hannun wani a kasuwa, tunda ina da mota. Ban buɗe ba."

Na ce, "Shi ya ce kai ka kawo gyara."

Ya ce, "To, ya faɗa." Na gaya masa na ga ruwan indararo a hannun baƙo, kuma mu uku ne muka iya. Sai ya dube ni ya ce, "Mu uku, ka faɗa da bakinka. Ni na bar karta tuntuni, tsoho ba ya gani sosai. Kai ne kullum a tasha cikin mutane. Wa ya san wanda ka koya wa?"

Na koma wurin Baba washegari na ce zan ɗauki keken in kai wa mai shi. Bai hana ni ba, bai kuma tashi daga inda yake ba. Ya ce, "Idan ka kai shi, kai ne ɓarawon." Na ce na sani. Ya ce, "Za ka ambaci sunana?" Na ce ban ga abin da zan rantse a kai ba. Lokacin sojoji ne, ana shimfiɗe mutum a tsakiyar kasuwa a yi masa bulala a kan abin da bai kai wannan ba, kuma tsohon ba zai tashi daga bulala ba. Issaka ma yana da iyali. Ɗayansu ya yi mini ƙarya, ko dukansu, kuma har yau ban san wanne ba.

Da rana tsaka na ɗauko shi a ka, na bi babban titin Nima kowa yana gani, na sauke a zauren sarki. Aka kira Seidu. Ya buɗe buhun, ya juya ƙarfen, ya duba wani wuri da ya taɓa ɗaurewa da waya, ya ce nasa ne. Sarki ya ce, "A ina ka samo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na samo dai." Ya sake tambaya, na sake ba shi amsa iri ɗaya. Sai ya ce tunda kaya ya dawo hannun mai shi, a bar maganar. An bar ta a zaure, amma ba a bar ta a gari ba. Ko da abinci ya dawo aka koma shagalin suna, ba a ƙara kirana a Nima ko Maamobi ba. Sai na riƙa bin masu tallar magani zuwa kasuwannin ƙauye, daga baya kuma makarantun yara a ƙarshen zangon karatu, har gidajen bidiyo suka zo suka kwashe masu kallo. Baba Tahiru ya rasu ba mu ƙara tayar da zancen ba. Ni da Issaka muna gaisawa idan mun haɗu a jana'iza.

Seidu ya sami ƙafar keke, ya buɗe shago kusa da babbar kwata, ya yi suna a ɗinkin kaftani. Sallar farko bayan abin ya aiko a kira ni, ya auna ni, ya ɗinka mini riga, na miƙa masa ladan aiki ya ƙi karɓa. Haka muka yi kowace salla har ƙarshen ransa. Idan na je zai ba ni kujera, ya aika a sayo mini koko, mu yi hira. Amma idan aka kira salla, ko wani ya kira shi waje, sai ya tsaya a bakin ƙofa da kwaɗon kulle a hannu ya ce, "Malam Awudu, bismilla, mu fita tare." Bai taɓa karɓar ko sisina ba, kuma bai taɓa barina ni kaɗai da keken nan ba.